Sarkin Ɗanɗano na Setapak da Yaƙin Lemo

Allah bai bar kowace al'umma hannu rabbana ba. Ya ba wasu zinariya, ya ba wasu man fetur. Mu kuwa 'yan Arewa mazauna unguwar Setapak, a birnin Kuala Lumpur, sai ya ba mu Dakta Abdulwahidu. Wanda bai gode ba ya yi butulci.

Gaskiya ne daktan nasa bai riga ya nuna ba. Ya daɗe yana rubuta kundin digirinsa na uku a wata jami'a da ke kan titin Jalan Semarak, har waɗanda suka zo bayansa sun gama, sun koma gida, sun fara furfura. Amma kuka ba ta girma a damina guda, in ji shi. Don kada laƙabin ya yi tsatsa a ajiye, sai ya fara amfani da shi tun yanzu. A tsakani yana sayen gyale da yadi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman yana aikawa Kano, sana'ar da yake kira hulɗar ƙasa da ƙasa.

Sai dai babbar baiwarsa tana cikin bakinsa ne. Ya ce da kurɓi ɗaya yakan gane rijiyar da aka ɗebo ruwan shayi. Ya taɓa mayar da tuwo a gidan suna, saboda shinkafar, a cewarsa, ta kwana kusa da albasa a cikin jirgin ruwa. Ɗalibai suka naɗa shi Sarkin Ɗanɗano. Da dariya suka yi naɗin. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, ya rubuta a ƙarƙashin hotonsa na waya.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, wato kujerar shugaban Ƙungiyar 'Yan Arewa Mazauna Setapak. Shugaba ne ke zama a tsakiya idan za a ɗauki hoto. Shi ke buɗe taro, shi ke rufewa, kuma ba a katse shi. Zaɓe ya ƙarato, ga abokin takara mai farin jini, Josiah, wani injiniya mutumin Filato, wanda ya yi ta kai wa ɗalibai abinci har ƙofar ɗaki lokacin kullen korona. Dakta ya ce wannan ai kowane direba zai iya. Shi gwagwarmaya yake nema, babba, irin wadda tarihi ke miƙewa tsaye ya gaishe ta.

Sai Allah ya kawo masa lemo.

A gefen gari akwai wani makeken kantin sari, inda ba a sayar da abu ɗai-ɗai. Duk Asabar jama'armu kan haɗu a can, a sayi buhun shinkafa da jarkar mai da katan na kaji, a raba a tsakani. In an gama sai a zauna a zauren cin abinci na kantin. Abin da ya sa zauren nan ya kwanta mana a rai shi ne injin lemo. Ka sayi kofi ɗaya, ka cika, ka shanye, ka koma ka sake cikawa, ba mai hararar ka. Lemon da injin ke zubowa mai jan tambari ne, don haka Ja muke ce masa.

Kulle ya rufe zauren wata da watanni. Da hukuma ta sassauta, ta ce wanda ya yi allurar rigakafi biyu yana iya zama ya ci, sai muka koma da murna. Muka tarar an sauya inji. Ja ya tafi, an kawo wani mai koren tambari.

Wani tsoho ɗan Sin ya kurɓa, ya ɗaga kafaɗa, ya ƙara ƙanƙara. Wasu matan Malay suka ɗanɗana suka ce "boleh lah", wato ba laifi. Ɗalibanmu suka rabu biyu, wasu na cewa Kore ya fi zaƙi, wasu na cewa ya fi sa gyatsa. Duk ɓangarorin biyu suka koma suka sake cika kofi. Da a nan maganar za ta mutu, a binne ta ba ko zaman makoki.

Sai ga Sarkin Ɗanɗano ya iso.

Ya sauke takunkumi zuwa haɓa. Ya ɗaga kofin ya duba shi a haske, kamar mai sayen zinariya. Ya kurɓa, ya juya a baki, ya lumshe ido. Ya sake kurɓa, ya ajiye kofin a hankali, ya miƙe.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Jama'a, an cuce mu. Wannan ruwan famfo ne aka hura wa iska. Ba zaƙi, ba ƙamshi, ba asali."

Wani ɗalibi ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa na ji zaƙi."

"Kai har kana da bakin jin zaƙi? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ku saurare ni. Ruwa ba ya tsami banza. Sun jira sai da annoba ta rufe mana baki da ƙyalle, sannan suka sauya abin da ke shiga ciki. Yau sun cire ɗanɗano daga kofinku, gobe mutunci za su cire daga jikinku. Wasu na raba shinkafa. Ni 'yanci zan raba!"

Ɗanladi mai gyaran waya, wanda Dakta ya yi wa alkawarin muƙamin kakakin ƙungiya, ya sake kurɓar nasa. Ya ce wallahi yanzu da ya natsu, shi ma bai ji komai ba. Na kusa da shi ya ce dama tun ɗazu yake zargi. Kafin a tashi, rabin zauren namu ya daina jin zaƙin da ya ji da farko. Ba wanda ke son a ce bakinsa na talaka ne.

Haka aka haifi gwagwarmaya. Aka yi mata take: "In ba Ja, ba sha!" Aka shiga taro a falon Dakta, ƙofa a rufe don gudun 'yan leƙen asirin kamfani, takunkumi a haɓa don yana tauye fasaha. Dakta na jawabi, magoya baya na matsowa kusa don kada hikima ta faɗi ƙasa. Ƙaurace wa Kore kuwa ya yi ƙarfi ƙwarai, musamman idan Dakta na kallo. Idan ya shiga bayi, injin kan ɗan sha wahala.

Ba a jima ba Dakta ya gano cewa makircin ya wuce kanti. A shagon shayin nan na Indiyawa da ake kira mamak, ya kurɓi shayi mai kauri ya ce ruwan zafi ne aka rina. Ya shafa turarensa na Makka, ya ce an zuƙe masa ƙamshi a kwalba. Har gida abin ya bi shi. Matarsa Hureira ta kaɗa miyar kuka da ragowar daddawar da take ɓoyo tun kafin a rufe iyakoki. Ya kai loma ɗaya, ya dube ta da idon wanda aka ci amanarsa.

"Hureira, har ke sun saye ki?"

"Abban Rumaisa, yajin da ke cikin miyar nan ya sa 'yarka hawaye."

"Ƙaro."

Ta ƙara, har ita mai zubawa ta yi atishawa. Ya ci yana gumi kamar mai huɗa, ya ce barkonon ƙasar nan ma an dandaƙe shi.

"Ko dai za ka je a duba ka?"

"Ni lafiyata ƙalau. Ƙasar ce ba ta da lafiya."

Ta kwashe kwanuka, ta kwashe 'yarta, ta koma ɗakin baya ta buɗe taga. Dakta ya shaida wa magoya baya cewa duk babban ɗan gwagwarmaya sai an jarrabe shi da kaɗaici.

Asabar ɗin da ta rage kafin zaɓe aka sa ranar fito-na-fito da manajan kanti. Dakta ya ci ado da babbar riga mai aska takwas, ya kafa hula, rundunarsa na biye. A bakin ƙofa mai gadi ya ɗora masa na'urar auna zafi a goshi, ta nuna ba zazzaɓi. Dakta ya juyo ya ce, "Kun gani? Ko injinsu ya san da wa yake magana."

To, lokacin kakar duriyan ne. Ga wanda bai sani ba, duriyan ɗan itace ne mai ƙayoyi kamar bushiya. Mutanen ƙasar suna ƙaunarsa, amma su da kansu sun hana a shiga da shi jirgi ko otal, domin warinsa kamar an dafa albasa a cikin tsohon takalmi ne. An jibge shi tuli a daidai hanyar shiga zaure, wasu a fashe. Runduna ta toshe hanci ta saman takunkumi, ana sauri a wuce.

Dakta ya tsaya. Ya ɗauki wani fasasshe, ya cusa hancinsa har cikin ɓargon, ya ja numfashi mai tsawo. Fuskarsa ta yi haske kamar wanda ya tsinci dami a kala. Ya ɗaga shi sama.

"Allahu Akbar! Ga hujja ta ƙarshe! Ku shaida, jama'a, har duriyan sun lalata. Ko ɗigon wari babu. Ku matso, ku matso ku gani da hancinku!"

Ba wanda ya matso.

An ce gwano ba ya jin warin jikinsa, amma ko gwano yana jin duriyan. A shekarar nan kuwa, har yaron da bai shiga makaranta ba ya san sunan cutar da ke ɗauke wa mutum hanci da ɗanɗano. Runduna ta ja da baya kamar ruwan da aka zuba a gangare. Ɗanladi ya ja takunkuminsa har ya rufe gira. Mai sayar da duriyan ya feshe hannuwansa da magani, ya nuna wanda ke hannun Dakta daga nesa, ya ce, "Tapau, bos, tapau." Wato ya tafi da shi gida, an bar masa.

Dakta ya ƙarasa jawabinsa ga jerin amalanken kanti, waɗanda suka saurare shi da ladabi. Daga nan mai gadi ya raka shi asibiti, yana bin sa a baya da nisan jifa.

Gwaji ya tabbatar da abin da duriyan ya faɗa. Ma'aikatan lafiya suka ɗaura masa munduwar roba mai ruwan hoda, alamar wanda aka killace a gida. Sannan suka tambaye shi ko ya yi mu'amala da mutane a 'yan kwanakin nan, ko da mutum biyu ko uku. Tambayar ta sosa masa rai.

"Biyu ko uku? Kun san da wa kuke magana? Ni jagoran al'umma ne. Falona ba ya ɗaukar jama'ata!"

Ya shiga ambaton sunaye. Bai manta da kowa ba. Har wanda ya leƙo sau ɗaya don aron caja sai da ya sa shi cikin manyan muƙarrabai. Ma'aikatan suka yaba da haɗin kansa, suka ce da kowa haka yake da annoba ta ƙare. Kafin la'asar, duk mai niyyar zaɓen Dakta a Setapak yana zaune a ɗakinsa da munduwa ruwan hoda, yana ambaton sunan jagora cikin kalmomin da ba su dace da takarda ba. Allah ya taƙaita, cutar ta zo wa waɗanda ta kama da sauƙi.

A ƙungiyarmu ba a zaɓe da takarda. Ɗan takara ke tsayawa, masu son sa su yi layi a bayansa, ido na ganin ido. Josiah ya kira Dakta a waya, ya yi masa sannu, ya ce a ɗage zaɓen har jama'a su fito. Dakta ya gane dabarar nan take.

"Tsoro ya kama ka ke nan. Tarihi ba ya jiran kowa, Injiniya. Ku kafa hotona kawai. Sauran jama'a sun san wanda ya sadaukar da lafiyarsa dominsu."

Aka kafa hoton a kan kujera. Layin Josiah ya fita har waje ya karya kwana. A bayan hoton Dakta kuwa bango ne kaɗai ya tsaya, shi ma don ba shi da ƙafar tafiya. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Kada mai karatu ya ɗauka an karya gwarzon namu. Da kwanakin killacewa suka cika, aka yanke munduwa, bakinsa ya dawo, sai ya nufi kanti. Ya cika kofi da Kore, ya ɗaga a haske, ya kurɓa, ya lumshe ido. Murmushin nasara ya bayyana.

"Alhamdulillahi, sun ji tsoro. Sun mayar da zaƙin. Ku sha, jama'a, na ba da izini. Amma ku riƙa tuna wanda ya sha wuya kafin ku sha daɗi."

Ya koma ya sake cikawa, ya sake, har injin ya fara tari.

Yanzu annoba ta lafa. Hukuma ta janye dokokinta, an ɓamɓare alamomin hana zama da aka manna a kujeru, mutane na cin abinci kafaɗa da kafaɗa. Duk Asabar Dakta Abdulwahidu na nan a zaure da kofinsa, a shirye ya ba da tarihin gwagwarmaya ga duk mai so. Kuma dole a yaba masa da wannan: a duk faɗin Kuala Lumpur, teburinsa ne kaɗai wurin da har yau ake kiyaye dokar ba da tazara.