Rasuwar 'Yar Yanbu, Kibiyar da Ba Ta Ga Teku Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan haushin da ba za a ɓoye ba, iyalan Malam Barau Zakiru na unguwar Jurf suna sanar da 'yan'uwa na nan Madina da na nesa rasuwar kibiyarsu ta harbin kifi, wadda aka fi sani da 'Yar Yanbu. Ta rasu ranar Juma'a bayan la'asar, a tsakar gida, a gaban baƙi, bayan doguwar jinyar da kowa ya gani amma babu wanda ya tanka.

Marigayiya 'yar asali ce ta uwa da uba. Cikinta zaren gilashi ne mai nauyi, don idan ta faɗa ruwa ta ratsa shi ba tare da ta kauce ba. Bayanta an naɗe shi da kabon don ta tsaya a miƙe, danƙo ya haɗa su biyun suka zama jiki ɗaya. Ba ta kumbura kamar ta itace, ba ta lanƙwashewa ta zauna a haka kamar ta alminiyam. Ko gashin tsuntsu ba a sa mata ba, don ba ta da harka da sama. Maƙeranta sun shirya ta domin gishirin teku da duwatsun ƙarƙashin ruwa da ƙashin babban kifi. Abu ɗaya ne ba su hango ba, wato Malam Barau.

Saboda mahaifinsa ne Barau ya kawo ta gida. Baba Zakiru an haife shi a bakin kogi a Yauri, ya zo hajji yana saurayi, ya zauna, bai ƙara shiga kwalekwale ba. Barau ya durƙusa a gabansa ya yi alkawari zai kai shi Yanbu, garin bakin teku, ya zaunar da shi cikin jirgi, ya harbo masa kifi ya gani da idonsa. A lokacin, idon Baba yana hango tsuntsu a kan dabino. Yau da murya yake gane jikokinsa.

Ba za a ce Barau bai so ta ba. Yana goge ta, yana nuna wa baƙi, yana bayanin yadda ake auna ƙasa da inda kifi yake domin ruwa yana ruɗin ido, har abokai suka naɗa shi Sarkin Ruwan Jurf. Sai dai lokacin zafi teku ta yi zafi, lokacin sanyi akwai iska, ga azumi, ga cunkoson alhazai, ga mota na bukatar dubawa. Duk sanda Baba ya tambaya, amsar ɗaya ce: bukra, wato gobe, in sha Allah.

Duk da haka marigayiya ba ta yi zaman banza ba. Ta kaɗo dabino a gidan surukai a Ƙuba. Ta taya uwargida Ilham zaro safa daga bayan injin wanki. Ta sha zungure bututun mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, idan ya toshe, kuma ruwan da ya ɗigo mata a nan shi ne kaɗai ruwan da ta sani a duniya.

Ciwon ajalinta ya soma ne ranar da aka hau da ita soro aka tokare igiyar shanya da ita. Ranar Madina ba ta wasa da danƙo. Launinta ya koɗe, zaruruwa suka miƙe a jikinta kamar furfura, duk wanda ya taɓa ta sai ya wuni yana susa. Dukanmu mun gani. Muka ce ma'alesh, wato ba komai. Wannan kalma ta kashe kaya a gidajenmu fiye da tsatsa, kuma ba kaya kaɗai take kashewa ba.

A ranar ƙarshe baƙi suka matsa wa Sarkin Ruwa ya nuna gwaninta. Aka cika baho da ruwa, aka jefa kankana a ciki. Barau ya ja baka. Shekaru yana kwatanta wa mutane muryarta da bakinsa, fiuu, sannan tsulum. Abin da aka ji daga nata bakin shi ne ƙas. Ta tsage gida biyu ta faɗi a gefen baho.

Baba Zakiru yana zaune a inuwa, ya karkato kunne ya tambaya, "Ya kama?" Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, Barau. Bukra." Barau ya tsuguna yana tsince zaruruwa da hannu, suna sukarsa, bai ɗago kai ba. Bai taɓa jin nauyin kalmar nan ba sai da aka mayar masa da ita.

Ta rasu ta bar baka ɗaya, da igiyar jawo kifi da ba a taɓa warwarewa ba, da ƙanwarta wadda har yanzu tana cikin kwali da lafiyarta. Kankanar ma ta tsira ba ko ƙwarzane, ta rayu har zuwa magariba.

Ba za a yi zaman makoki ba. Babu gahawa, babu dabino, babu shimfiɗa, domin zama ne ya kashe ta. Za a ɗauki gawa ranar Asabar bayan sallar asuba daga ƙofar gida zuwa Yanbu. Ba za a jefa ta a teku ba, kifaye ba su yi mana laifin komai ba. Baba zai tsoma ta a ruwa sau ɗaya da hannunsa, sannan a naɗe ta a kai ta inda ake kai shara. Ƙanwarta za ta halarta, kuma za ta yi aiki. Barau da kansa ya cika tanki ya damƙa wa Ilham makulli, ya ce kada ta ba shi idan ta ji ya fara cewa akwai iska, ita ta ja motar.

Masu rakiya su zo a kan lokaci, mota ba za ta jira kowa ba. Kujerar gaba ta Baba ce. Ya roƙi a buɗe masa taga tun daga Badar, ya ce idan ido ya gaza, hanci zai gaya masa an iso.