Ranar Da Baba Ya Kalli Hancina Daga Madina

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanwata Hadiza a garin Babban Mutum ba, ko da na so mantawa dangi ba za su bar ni ba.

Babanmu tela ne a Madina, bai samu zuwa ba. Burinsa kawai ya ga an shafa fatiha. Ni kuwa, mai koyar da kwamfuta a Daura, na buga ƙirji na ce kowa ya mayar da wayarsa aljihu, da laftof ɗina zan haɗa shi ya gani tangaran.

A cikin kanel, wato zuciyar kwamfuta, akwai modul, wato 'yar manhaja mai kula da shiga da fitar saƙonnin intanet. Ina da iri biyu: sabo mai sauri, da tsoho da na yi wa kwaskwarima da hannuna don ya jure raunin sabis na bakin iyaka. Abokin aikina ya ce in zaɓi ɗaya, taura biyu ba ta taunuwa. Na ce ai haƙora ne suka bambanta. Na sauya wa tsohon suna, na loda su tare, suka zauna lafiya lau (a rubuta wannan, don har gobe ina alfahari da shi).

Abin da ban hango ba: duk saƙon da ya iso, su biyun ke amsawa. Sabon ya ce maraba, tsohon ya ce ban san ka ba, ya katse layin.

Jama'a sun cika ƙofar gida, rana na dukan kowa, liman na jirana. In na haɗa, sai fuskar Baba ta bayyana, ya ce "Assala...", sai layin ya ɗauke ɗif. Gumi ya jiƙa min sabuwar shadda. Can Kawu, waliyyin amarya, ya yi gyaran murya.

"Injiniya, mu ɗaura ko sai na'urarka ta yarda?"

Aka fashe da dariya, aka ɗaura. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da yamma Baba ya kira ni. Na ce ya yi haƙuri bai ga komai ba.

"Wa ya ce? Hoto ya tsaya min cak a kan hancinka. Shi na kalla har aka watse, ina ta cewa amin."

Wannan ta fi dariyar jama'a yi min ciwo. Amma har yau ban yarda dabarata ce ta gaza ba, rana ce ban iya zaɓa ba. Mai son gwaji ya bari sai ranar aurensa.