Yadda Nomau Ya Nemo Jatau a Cikin Waya

A ƙauyenmu na Tungar Marke an yi wani mutum, Nomau. Ba mahaukaci ba ne, kada ku ɗauki alhakinsa. Shi dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Su uku ne a gidansu: shi, da matarsa Hansai, da mahaifiyarsa Iya Tabawa. Ubansa Jatau shahararren ɗan kokawa ne, ya rasu Nomau yana ɗan shekara uku, ko hoto ɗaya bai bari ba. A shekarar da sabis ɗin waya ya iso mana, Iya ta fara gani dishi-dishi, likita ya ce idanun ba za su kai baɗi ba. Burinta ɗaya ne, ta sake ganin fuskar mijinta. An ce masu ɗaukar hoto sun taɓa zagaya lardin a zamaninsa, an kuma ce babu abin da babu a intanet.

Wata rana yayarsa Lantana ta aiko masa da babbar waya daga birni, ta kira shi ta ce, “Nomau, ka hau inda akwai sabis, kada ka motsa sai hoto ya buɗe.” A lokacin wuri ɗaya ake samun sabis, kan wani suri a bayan kasuwa. Nomau ya hau da hantsi. Da azahar caji ya ƙare, waya ta mutu, shi kuwa yana nan tsaye. Da la’asar aka yi ruwa, ya jiƙe sharkaf. Hansai ta zo ta ce, “Malam, sauko mana!” Ya ce, “Yaya ta ce sai ya buɗe.” Sai da aka ari wata waya aka kira Lantana ta janye maganarta, sannan ya sauko yana atishawa.

Wata rana ya je rumfar Ashiru mai cajin waya. Allah sarki rumfar nan! Nan muke haɗa kai mu goma a kan waya ɗaya, mu ga ƙwallon da aka ci daga tsakiyar fili, mu ga inji mai dafa shayi, mu yi ta salati. Yanzu kowa da tasa a aljihu, kuma ban ƙara jin daɗin kallo kamar na lokacin ba. Nomau ya ce shi bai san fuskar ubansa ba, yaya zai gane shi? Ashiru ya ce, “Duk wanda ka ga yana kokawa, kai wa Iya ta duba.” Nomau kuwa bai bar kowa ba. Ya kai mata wasu ƙattin ƙasar waje masu ɗan bante, ta ƙura ido ta ce, “Wannan mai ciki kamar rumbu ne ubanka?” Ya kai mata jarumin fim ɗin Indiya yana watsar da mutum ashirin, da ’yan ƙwallo sun shaƙe alƙalin wasa. Ranar da ya kai mata raguna biyu suna karo, muciya ta ɗauka.

Wata rana saƙo ya shigo wayar, Ashiru ya karanta masa: duk wanda ya nuna wa mutum goma bidiyon nan zai ji labari mai daɗi kafin Juma’a. Bidiyon wani aku ne yana rawa. Nomau ya bi gari gida-gida. Mutum na goma liman ne, Nomau ya tare shi yana tsakar alwala, ya ce, “Gafarta malam, kai kaɗai ka rage.” Liman ya kalli aku, ya kalli Nomau, alwalar ma ta ruɗe masa sai da ya sake. Juma’a ta zo ta wuce babu labari, a makon ne ma Iya ta daina gane Hansai daga bakin ƙofa.

Wata rana Ashiru ya gaji da zaryarsa, ya ce bari ya ba shi aikin da zai raba su. Ya buɗe masa wani shafi cike da tsofaffin bidiyon lardin, na gina rijiya da awon gyaɗa da jawabin manya, irin waɗanda ko minti ɗaya ba ma iya kallo. Ya ce, “Je ka, kai da Iya, ku kalle su daga farko har ƙarshe, kada ku tsallake ko ɗaya.” Babu kokawa a ciki, Ashiru ya sani, mu ma mun sani, muka yi ta dariya. Nomau ya bar gonarsa ciyawa ta ci, kullum yana zaune kusa da Iya a inuwar zaure, ya kara mata waya dab da hanci. Hansai ta yi faɗa har ta gaji. In Iya ta yi gyangyaɗi, sai ya mayar da bidiyon baya, don an ce kada a tsallake.

A kwana na tara suna kallon rigakafin shanu, an fi awa guda ana nuna saniya bayan saniya. Sai Iya ta damƙe hannunsa ta ce, “Tsayar!” Can gefe, bayan ma’aikata, wani dogon mutum ne ya tsaya kallo da yaro a wuyansa. Yaron ya fizge masa hula, mutumin ya juyo yana dariya, fuskarsa ta cika hoton. Ina wurin, kuma wallahi ni ma sai da na yi hawaye. Iya ta daɗe tana shafa gilashin da yatsa, ta ce, “Ga ubanka. Wancan mai ɓarnar a wuyansa kuwa kai ne.”

Nomau ya karɓi wayar, ya duba mutumin, ya duba yaron, ya sake duba mutumin. Sannan ya ce, “Iya, ashe ya san ni.”