Ni da Jarkata, da Rabin Gari a Bayana

Jama'a, ku taya ni murna ko ku yi mini jaje, duk wanda ya fi muku sauƙi. Yau da safe ni, Lazaro Kachingwe, tsohon akawu mai furfura har a gira, na ja taron da ya sa aka danna wa ƙofar wani ofis sakata, wani babban mutum ya shige ƙarƙashin tebur da tumbinsa da komai. Makamina kuwa jarka ce guda, rawaya, ko ɗigon mai babu a cikinta.

Bari in faro muku daga tushe.

Watan jiya jiri ya fara ɗibata, na je ɗan asibitin unguwarmu a nan Zomba. Sista Tiyamike ta ɗaura mini abin awo a dantse, ta matsa, ta duba, ta sake matsawa, sannan ta cire tabarau ta ƙare mini kallo, ta kira ni da sunan da ake kiran dattawa a nan.

"Madala, da ƙafarka ka zo?"

"Haba Sista, ni? A kabaza na zo, an ɗauko ni a bayan keke kamar kowane dattijon kirki."

"To nan gizo... nan matsalar take. Jininka ya hau har yana leƙen rufin ɗaki."

"Sai a ba ni magani."

Ta nuna mini kantar magani. Cike take maƙil, amma da hotuna. A kowane hoto ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsufa Cikin Ƙoshin Lafiya yana murmushi, ya rungume gwanda kamar jariri, an rubuta a ƙasa cewa lafiyar kowa tana hannunsa. Mu dai Mai Almakashi muke ce masa, don ba ya fita sai da almakashin yanke ƙyallen buɗe aiki a aljihu. Allah ya ƙara masa girma, ya cika alkawari: ya damƙa mana lafiyarmu a hannu, ya riƙe sauran.

"Maganin yana hanya," in ji Sista. "Tun bara yake hanya. Kafin ya iso, ka rage gishiri, ka rage sukari, kullum ka yi tafiyar ƙasa har sai ka yi gumi. In ba haka ba, ka san inda yayanka yake."

Na sani. Yayana Yohane, mutumin da a da in ya yi dariya a kasuwa ana ji a tasha, yau yana kwance ɓarin jikinsa ya shanye, matarsa ke ba shi koko a baki da cokali. Daga wannan magana wasa ya fita a raina.

Gishiri da sukari ba su ba ni wahala ba, don matata Nachisale ta karɓi aikin da wata irin murna da har yanzu nake zarginta. Shayina da a da cokali ke tsayawa a cikinsa ya koma ruwan zafi mai launi. Miyar kifi ta koma kamar an wanke kifin ne kawai a ciki. Nsima, wato tuwon masararmu, da ake tula mini kamar tsauni ta koma ɗan dunƙulen da kyanwa za ta raina. Na daure.

Tafiyar ce ta gagara. Ba ƙafa ce ta hana ni ba, mutunci ne.

A unguwarmu dattijo ba ya tafiya a ƙasa ana kallo. Ranar farko ko kwanar layinmu ban sha ba sai ga Limbani mai kabaza ya taka birki a gabana. Babur gare shi, amma tun da fetur ya yi ɓatan dabo ya jingine shi ya koma keke.

"Madala, lafiya? Hau mu je!"

"Motsa jiki nake yi, Limbani."

"Motsa jiki! Kai da ka yi wa mahaifina hanyar aiki? In bar ka a rana mutane su tsine mini? Hau, kyauta ne."

Kafin in yi musu shi da abokinsa sun ɗaga ni cak sun ɗora a kujerar baya, sun dire ni a ƙofar gida. Washegari matan coci ne suka tare ni da addu'a. Rana ta uku labari ya cika gari: wasu suka ce Nachisale ta kore ni, wasu suka ce kaina ya taɓu, wata tsohuwa ta rantse akwai bazawarar da nake zuwa wurinta a bayan injin niƙa. 'Yata ta bugo waya daga Lilongwe tana kuka.

"Baba, an ce an gan ka a ƙafa! Me muka yi maka?"

Na ce to, bari in je filin motsa jikin dattawa da Mai Almakashi ya buɗe bara da ganguna da 'yan rawa. Na tarar da kwaɗo a ƙofa, girmansa ya kai kan jariri. Na leƙa ta wayar shinge: awaki uku suna ciki suna kiwo tsakanin ƙarafan, kuma in gaya muku gaskiya, ban taɓa ganin awaki masu ƙoshin lafiya irin su ba. Mai gadi ya ce makullin yana wurin Mai Girma, shi kuma yana otal a bakin tafki, ana taron ƙara wa juna sani kan muhimmancin tafiyar ƙasa. Motoci tara suka kai su.

Maƙwabcina Che Jafali tela ne ya kawo dabara. Yana ɗinki ina ba shi labari, bai ko ɗago kai ba.

"Kai dai ba ka da wayo, maƙwabci. Ɗauki jarka."

"Jarka kuma?"

"A wannan zamani mai jarka ba matsiyaci ba ne, mai mota ne da ya ji ƙishin-ƙishin inda ake samun mai. Kuma kowa ya san ba ya son a san inda za shi. In ka ce ba ka hawa, za a fahimta."

"Wace mota gare ni? Wadda kaji ke ƙwai a cikinta?"

"Sai su ce ka gyara. Su kajin za su fito su ƙaryata ka ne?"

Yau da safe na gwada. Na ɗaura wa jarkar igiya, na rataya a kafaɗa, na fita ina taku ɗai-ɗai. Limbani ya hango ni, ya buɗe baki zai ce in hau, idonsa ya faɗa kan jarka, ya rufe bakin. Ya yi mini wata irin gaisuwa ta girmamawa, ya kauce. Zuciyata ta yi fari ƙal. Na ce Che Jafali, kai ne ya kamata a ba kwamitin nan.

Na wuce kasuwa, na wuce injin niƙa, iska na kaɗa ni, har na fara ɗan fito. Can sai na ji kamar ana buga ganguna a bayana, kwal, kwal, kwal. Na waiga. Limbani ne yana tura keke, jarkoki huɗu a ɗaure. Bayansa direbobin bas biyu. Bayansu mai injin niƙa. Da suka ga na waiga, kowa ya tsaya yana kallon sama kamar yana jiran hadari.

Na ƙara sauri. Suka ƙara.

Na sha kwana. Suka sha.

Kuskurena shi ne da na bi ta gaban gidan mai. Kun dai san layin nan, wanda mutane suka yi sati suna kwana a cikinsa har an fara ƙulla aure tsakanin masu motoci. Wani ya daka tsawa: "Madala ya san wani wuri!" Sai wutsiyar layin ta tsinke ta biyo ni. Masu babur suna turawa, mata da goyo da galan a ka, wani lauya da kwat ɗinsa, fastonmu da jarka ɓoye cikin riga kamar mai ciki wata tara.

Na tsaya na ɗaga hannu.

"Jama'a, ku ji tsoron Allah ku koma! Ba mai nake nema ba!"

"Mun gane, Madala," in ji Limbani, ya kashe mini ido. "Mu ma ba mai muke nema ba."

"Na rantse motsa jiki nake yi!"

"Mu ma shi muke yi! Mu je!"

Aka fashe da dariya, aka yi mini tafi. Duk rantsuwar da na yi sai ta ƙara musu imani. Na ce bari in gajiyar da su, na miƙi hanyar da ta haura tudu. Ina haki, suna haki. Gumi ya jiƙe mini riga har wando, irin gumin da Sista ta yi oda. Wata mai sayar da atamfa da rabonta da tafiyar ƙasa tun tana amarya tana kiran sunayen kakanninta ɗaya bayan ɗaya, amma ba ta saki galan ba. Matasa suka fara waƙa, ana amshi da bugun jarka. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na fara jin daɗin mulki.

Abin da na manta shi ne, hanyar nan a ƙofar ofishin Kwamitin Tsufa Cikin Ƙoshin Lafiya take ƙarewa. Kuma ashe Mai Almakashi ya dawo daga bakin tafki.

To ku sa kanku a matsayinsa. Ka leƙo ta taga, ka ga rabin gari sun hauro tudu suna waƙa, kowa da jarkar fetur. Sai muka ji ƙarau, an rufe ƙofa. Mai gadi ya haura katanga ya bar takalmi ɗaya. Can wani siririn sakatare ya ziro hanci ta tsakanin ƙarafan taga.

"Wane ne shugabanku? Mene ne buƙatunku? Mai Girma ya ce duk ya amince!"

Aka turo ni gaba.

"Ɗana, ni ba ni da buƙata. A asibiti aka ce in riƙa tafiya har in yi gumi."

Ya dubi furfurata, ya dubi taron, sai na ga idonsa ya kawo wuta. Ashe akwai wani gagarumin tattakin dattawa da kwamitin ya sanar a rediyo cewa ya gudanar tun bara, abu ɗaya kawai ya rage: hotuna.

Ba a jima ba ƙofa ta buɗe. Ga Mai Girma, ƙura a gwiwoyin wandonsa, yanar gizo-gizo a kafaɗa, hannuwa a buɗe.

"'Yan uwana! Wannan shi ne shirin da muka daɗe muna tsarawa!"

Aka fito da riguna masu hotonsa aka raba. Aka jera mu. Ya zaro almakashi, ya duba hagu, ya duba dama, babu ƙyallen yankawa, sai ya kama igiyar jarkata ya datse. Jarka ta faɗi ƙasa ta yi ƙara irin ta abin da babu komai a cikinsa, ta gangara. Mai hoto ya ɗauka.

Wannan ƙarar ce ta farkar da jama'a.

"Man fa?" in ji wani daga baya.

"Wane mai?" in ji Mai Girma.

Idanu ɗari suka juyo kaina. Amma Mai Girma bai gama ba. Ya dafa kafaɗata ya ce daga yau ya naɗa ni Jakadan Tattakin Dattawa, kuma tun da bai dace a ga jakada yana yawo a ƙasa ba, kullum da safe motar ofis za ta zo ta ɗauke ni.

Yohane ya faɗo mini a rai, da cokalinsa. Na tsere wa keke, ga shi zan ƙare a mota mai sanyi.

"A kawo mota a kai Jakada gida! Ina direba?"

"Ga ni nan, ranka ya daɗe," in ji wata murya daga cikin taron. Direban ne, jiƙe da gumi, jarka a kowane hannu. Tun daga gidan mai yake bina.

Ana cikin haka Limbani ya haye kan wani dutse, jijiyoyin wuyansa sun tashi.

"Madala, ka ci amanarmu! Ka hauro da mu tudu a banza, ga mutane sun rasa layinsu! Da sunan duk masu kabaza na garin nan, daga yau babu mai sake ɗaukarka. Ko ruwa ake, ko rana ake, ka taka da ƙafarka!"

"Ya taka!" jama'a suka amsa.

Na sunkuyar da kai don kada su ga bakina. Na ce, "Limbani, hukuncin ya yi tsauri."

"Ko ka roƙa!"

"Har kasuwa? Har coci?"

"Har ko'ina!"

Haka na gangaro tudun nan ni kaɗai, na ratsa gari tun daga wannan ƙarshe har wancan. Kekuna suna wuce ni, masu su na kawar da kai. Matan coci suka gan ni suka tsuke baki. Babu wanda ya ce mini sannu, balle hau. Rabona da jin daɗi irin wannan tun ranar da aka biya ni kuɗin sallama. Na iso gida a gajiye liƙis, kaina kuwa wasai, na cinye ɗan dunƙulen nsimar nan da miyar da ba gishiri har ina suɗe hannu. Nachisale ta tsaya tana kallona, ta ce ko dai maganar bazawarar nan gaskiya ce.

Yanzu damuwata ɗaya. Na ji fasto, da ya huce, ya fara zancen wai ranar Lahadi zai haɗa ni da masu kabaza a yi sulhu, don gaba ba ta da kyau tsakanin 'yan unguwa. Ina roƙon duk mai ƙaunata da ya je ya ba shi baki. In kuma kun hango ni gobe a hanya ina haɗa gumi, ku taimaki tsoho: ku harare ni ku wuce.