Kumatun Tasalla

A wani daji can kudu, inda ganye ke hana rana taɓa ƙasa, wata gafiya mai suna Tasalla ta fito da safe ta ga tsiro mai ganye biyu a bakin raminta. Sai ta tuna a nan ta binne ƙwallon kwakwa bara, ta manta. Haka gafiyoyi suke tun kaka da kakanni: su binne da yawa saboda rani, su tono wasu, ƙasa ta riƙe sauran. Ta ɗan ji kunyar mantuwarta, ta wuce kiwo, don 'ya'ya na jira a rami.

Tana dawowa, kumatu sun kumbura da ƙwallaye, maƙwabciyarta Beguwa ta tare ta.

"Yauwa 'yar'uwa, ke ake nema! An yi baƙi daga birni, an ce a samo talaka guda a zaunar a gaba. Ni ƙayata ta hana a gayyace ni kusa da manya."

Kafin ta sauke kayan bakinta, an zaunar da ita gaban Giwa, shugabar majalisa, a gindin babbar kwakwar da ke kusa da raminta. Babban baƙo Hankaka ne, farin ƙirjinsa ya koma ruwan toka. Ya yi tari, ya fara:

"Ranki ya daɗe, jama'ar kurmi, hayaƙin garinmu ya yi yawa. Damina ta rikice, zafi ya ƙaru, ku ma kuna ji. Masana sun tabbatar bishiyoyinku ne ke shanye hayaƙin nan, saboda haka dajinku na duniya ne baki ɗaya. Roƙonmu kaɗan ne: kada a ƙara ɗaukar komai a cikinsa, ko ganye ko ƙwallo. Mu kuma za mu riƙa kawo muku ɓarɓashin burodi duk sanda muka biyo ta nan."

"Hayaƙin fa, za ku rage?" in ji Beguwa daga baya.

"An kafa kwamiti a kai, baiwar Allah."

Tasalla ta san gaskiya ya faɗa game da zafi, don rafin da take sha ya ja baya. Abin da ba ta gane ba shi ne yadda abincin 'ya'yanta ya shiga maganar.

Giwa ta amince da dokar nan take, ban da rassan da manya ke karyawa a bakin aiki. Ana cikin haka idon Hankaka ya faɗa kan tsiron.

"Kun gani! Daji in an ƙyale shi da kansa yake haihuwa. A kewaye wannan da ƙaya, kada ɓarayin ƙwallo su matso."

Tasalla ta dubi inda yake nunawa da fiffike. Ƙofar raminta na cikin wurin da za a kewaye.

"Amma mu ba ma yin komai sai da yardar mazauna," ya ƙara.

Giwa ta sunkuyo, muryarta a tausashe. "Tasalla, ƙanwata, faɗi ra'ayinki, kada ki ji tsoro. Akwai abin da ya dame ki?"

Akwai. Tana so ta ce ita ta binne tsiron nan. Tana so ta ce inuwar da suke zaune a ciki ma, mai yiwuwa mantuwar kakarta ce, kuma yara ba sa ƙoshi da burodin da ke hanya. Amma in ta buɗe baki, ƙwallaye za su zubo gaban dokar da aka kafa yanzun nan. Ta matse leɓe, ta dubi ƙasa.

"Allah sarki," in ji Hankaka, "dubi kumatunta. Murna ce ta cika su."

Aka yi tafi. Aka naɗa Beguwa mai gadin tsiro, ta karɓa ba tare da ta dubi maƙwabciyarta ba.

Tun daga ranar ba a sake rasa ƙwallo ko ɗaya a dajin ba, tsiron nan kuwa har yau bai yi ƙane ba. Domin lokacin da manya ke gardamar sunan wa za a sa masa, Tasalla ta zame ta shiga rami, ta fito da 'ya'yanta ta ƙofar baya, ta bi gefen rafi da su ta bar dajin, kumatunta a cike.