Yadda Za Ka Yi Tafiyar Hutu Ba Tare Da Ka Bar Falonka Ba

Idan kai magidanci ne, kuma duk babban hutun shekara matarka a gindin tukunyar gidanku take ƙare shi, kai kuma a bakin ƙofa kana jera takalman baƙi, to ka zo inda za a share maka hawaye. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbacin matarka za ta miƙe ƙafa a gidanta daga safe har yamma. An gwada dabarar a kan wani mai gyaran firji da ke layinmu, kuma har yau yana nan da ransa.

Mataki na 1: Ka san abin da ya kai ka

Kada ka fara ƙarya ba dalili, wannan aikin 'yan koyo ne. Shi Mai-firji matarsa nas ce, a tsaye take wuni, kuma tun da suka yi aure ba ta taɓa zama ranar hutu ba. Daga asibiti sai kicin ɗin surukarta, Inna, inda dangi ke taruwa kamar an yi shela. Bana, tana jiƙa ƙafafunta a robar ruwan ɗumi, ta gaya masa a fili: ko dai ta huta a ɗakinta, ko ta je ta roƙi a riƙa sa ta aiki duk ranar hutu har ta yi ritaya, don marasa lafiya ko ba komai ba sa miƙo kwano a ƙara musu. Ya dube ta ya ga da gaske take.

Mataki na 2: Raba ƙaryar gida biyu

Gaya wa danginka bana wajen danginta za ku. Ita kuma ta gaya wa nata wajen naka za ku. Kada ka ji tsoron su haɗu su gano. Surukai gaisuwa suke yi, ba bincike ba. Kowa zai ƙullaci ɗan'uwansa a zuci, shi ke nan.

Ka yi fuskar wanda aka fi ƙarfinsa. Da Mai-firji ya je gaya wa Inna sai da ya yi ajiyar zuciya, ya sosa ƙeya. Ta ce Allah ya kiyaye hanya. Ya fito yana yaba wa kansa.

Mataki na 3: Ka tafi a idon jama'a

Fito da akwati da hantsi, daidai lokacin da mai shagon kan kwana ya gama shara, don shi ya fi rediyo saurin kai labari. Akwatin ba komai a ciki, amma ka riƙa nishi. Yi sallama da kowa, har da wanda ba kwa ga maciji. Kai motar garejin abokinka, ku zagayo ta lungun baya da ƙafa. Idan kare ya gane ka, kai kada ka gane shi.

Mataki na 4: Kashe gidan

Saki labule. Kwashe takalma daga bakin ƙofa. Ba a soya albasa, domin ƙamshi ba ya riƙe sirri. Talabijin ba murya, tari a cikin filo. Idan aka kira waya, kara ta a jikin fanka ka ce kuna hanya, iska ta yi yawa, za ka kira in kun sauka.

Har nan komai ya tafi wa Mai-firji daidai. Nas ta kishingiɗa a doguwar kujera, ya ɓare mata lemo yana miƙa mata ɓari-ɓari, suna hira da raɗa kamar farkon aurensu. Ta yi dariya ta toshe baki. Rabon da ya ga fuskarta a sake haka har ya manta, ya ji daɗi har cikin ransa.

Mataki na 5: In ka ji mukulli a ƙofa, kada ka tsaya tunani

Af, na manta ban ce maka ka tuna wa ka taɓa ba wa mukullin ajiya ba. Shi ma Mai-firji bai tuna ba sai da ya ji ana murɗa shi. Suka suri farantin lemo suka faɗa ɗakin kwana. Ya leƙa ta kafar ƙofa, sai ga Inna, ita kaɗai, ta shigo a sanɗa ta mayar da ƙofa ta kulle.

Ta cire takalmi, ta zauna, ta ɗauko waya ta kira babbar 'yarta, yayar Mai-firji. Ta ce ta fita dubiya, mai jikin yana jin jiki, su ci gaba da girki su sallami baƙi, kada kowa ya jira ta. Ko ƙifta ido ba ta yi ba, ba ta kuma nemi taimakon fanka ba. Sannan ta buɗe firjin da ke kusurwar falo, ta ɗauki ruwan sanyi, ta koma ta miƙe a kujerar da Nas ta tashi. Murfin firjin ta bar shi a buɗe. Kafin ka ce me, minshari ya fara.

Mataki na 6: Ka manta da sana'arka

Nan ne ɗalibina ya faɗi jarrabawa, don haka ka buɗe kunne. Abin da ake so kawai ka zauna shiru har tsohuwa ta tashi ta tafi. Amma injin firji ya fara gurnani, shi kuma Mai-firji shekara da shekaru yana yi wa kwastomomi faɗa a kan wannan laifin. Ya raɗa wa matarsa cewa injin zai ƙone. Ta ce ya ƙone. Ya ce sanyin duk yana zuba a ƙasa. Ta riƙe masa gefen riga. Ya daure, ya yi zufa, ya toshe kunne da filo, amma gurnanin nan kamar a ƙirjinsa ake yi.

Ya zame daga rigar ya bar mata ita a hannu, ya fita da rarrafe cikin singileti, ya bi bayan kujera, ya tura murfin a hankali har ya kama. Ya lumshe ido don daɗi. Da ya juyo, Inna na kallonsa.

Mataki na 7: In an kama ka, duba ko mai kamun ma a ɓoye yake

"Har kun dawo?" in ji Inna.

"Mun dawo, Inna. Ya mai jikin da kika je dubawa?"

Nas ta fito da kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige, ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta miƙe ta nufi kicin tana naɗe hannun riga, yadda ta saba. Mai-firji ya bi ta da kallo, ya san hutu ya tashi, kuma da hannunsa ya tashe shi.

"Ina za ki, 'yata? Dawo ki zauna."

Inna ta matsa, ta bubbuga wurin da ke kusa da ita. Ta ce tun kafin a haifi wannan mai rarrafen ba ta taɓa cin abincin hutu da zafinsa ba. Duk shekara tana jiran wani ya ce Inna huta, ba wanda ya taɓa cewa. Da ta ji gidan nan zai zama ba kowa, sai ta ce bari ta saci wuni guda ta ji yadda barcin rana yake. Idon Nas ya kawo ruwa. Shi kuwa Mai-firji kunya ta rufe shi, don shi a zatonsa Inna son hidimar take yi, bai taɓa tambaya ba.

"Ni ban gan ku ba, ku ma ba ku gan ni ba," in ji Inna. "Kai kuma tunda gwiwarka lafiya lau, tashi ka ɗora mana shayi."

Haka ya wuni yana dafa shayi, yana soya ƙwai, yana wanke kofi, yana jiyo su a falo ƙafa a miƙe suna dariya ƙasa-ƙasa, yawanci a kansa. Nas ba ta je roƙon aikin hutu ba. Da yamma Inna ta sa takalminta, ta ce baɗi ma su shirya irin wannan tafiyar, za ta zo da wuri.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da abin da zai biyo baya. In mai shago ya tona maka asiri, ko surukai suka haɗu a kasuwa suka zurfafa gaisuwa, ni ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. In kuma a garin neman wa matarka hutu ka gano mahaifiyarka ta gaji tun kana goye, kada ka zo wurina neman mataki na takwas. Je ka ɗauki soso, kwanuka na jiranka.