Bangon da na ce ba ya aikin komai

Na zauna a Jidda da Abidjan, na ga falukan da doki zai yi sukuwa a ciki. Don haka da sunan jikana ya matso, na yanke cewa bangon da ya raba falona biyu a Gwarinpa zai tafi.

Injiniya Rifkatu, 'yar maƙwabcina, ta ƙwanƙwasa shi ta ce, "Baba, wannan ke ɗauke da bene. Sai an zuba bim, wato dogarin kankare da rodi, tukuna."

Na ce mata tun ba a haife ta ba nake shiga gidajen da ba su da bango ko ɗaya a tsakiya. Har da Faransanci na ƙara mata.

Sule magini ya ɗaga guduma ya ce, "Oga, ka tabbata?" Na ce ya buga.

Bayan kwana uku rufin ya yi ciki, ƙofar ɗakin matata Hajiya da ke sama ta ƙi buɗewa, tana ciki. Ta taga muka sauko da ita, a tsani, unguwa na kallo.

Rifkatu ta dawo da sandunan gora goma sha biyu ta tokare benen. "Baba, can Jidda ma akwai bim. Ɓoye shi suke yi."

A tsakanin gorar nan aka raɗa suna, baƙi na cin shinkafa suna duban sama.

Shekara huɗu ke nan. Ko kujera zan matsar, sai Hajiya ta ce, "Injiniyan Jidda, bari in sauko tukuna."